Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Mu uku ne muka shiga ofishin malamin jarrabawa da safiyar wata Litinin, saura kwana huɗu a ba da hutun ƙarshen zango. Biyu maza, ɗaya mace, dukkanmu 'yan aji biyu a jami'a, muna karatun kimiyyar kwamfuta. A aljihun ɗayanmu akwai filashi, a cikin filashin kuma akwai aikin da ya cinye mana kusan mako shida na hutunmu. Wata 'yar manhaja ce da za ta riƙa karɓar makin ɗalibai, ta haɗa jimilla, ta fitar da na ɗaya da na biyu har zuwa na ƙarshe a kowane aji. Makarantar ƙarama ce ta unguwa, kuma 'yar'uwar tafiyarmu a nan ta yi ƙaramar sakandare. Ita ta yi mana hanya wurin shugabar makarantar.

Kafin zuwanmu da biro da kalkuleta ake wannan aiki. Malaman aji kan kwana biyu ko uku suna haɗa makin gwaji da na jarrabawa, kuma kusan kowane zango sai an samu uban da ya dawo da katin ɗansa yana cewa an yi kuskuren lissafi. Muka yi wa Hajiya shugaba alkawari cewa bana an gama da wannan wahala. Mun faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa, domin har zuwa ranar aikinmu bai taɓa fita daga kwamfutarmu ya shiga ta wani ba.

Malam ya tashi ya ba mu kujerarsa. Saboda mu aka tayar da janareta. Malamai biyu suka leƙo, sai na uku, kafin mu ankara ofishin ya cika. Muka kwafe fayil ɗin zuwa kwamfutar tebur ɗinsa, muka danna. Shafin farko ya buɗe, amma a gurbin da ya kamata kwanan wata ya fito sai ga wata kalma mai alamar tambaya a ƙarshenta. Muka yi kamar ba mu gani ba, muka danna maɓallin shigar da maki. Nan take wani ɗan akwati ya faɗo da saƙon Turanci, yana cewa an nemi wata ma'ajiyar umarni ba a same ta ba. Bayansa kuma shafin umarnin da muka rubuta ya buɗe a gaban kowa, an haskaka kalma guda ɗaya: Date.

"Lafiya dai, yarana?" in ji Malam.

"Lafiya lau, Malam, ƙaramin abu ne. Wallahi a tamu tana aiki."

Ya yi murmushi ya ce, "To ai ba taku za ku bar mana ba."

Ƙaramin abin nan sai da ya kai mu kiran sallar azahar.

Ƙannenmu da ke ɗaukar darasin sarrafa bayanai a babbar sakandare sun san Microsoft Access, manhajar da aka fara fitarwa a 1992. Da ita ake gina rumbun adana bayanai a kwamfutar tebur. Akwai teburori da ke riƙe bayanai layi-layi, misali sunan ɗalibi da ajinsa da makinsa. Akwai fom da mutum ke cikewa, akwai kuma rahoto da ake bugawa a takarda. Idan kana son ta yi abin da ya wuce haka, kamar ta jera ɗalibai bisa matsayinsu ko ta ƙi karɓar makin da ya haura ɗari, sai ka rubuta mata umarni da wani harshe da ke cikinta mai suna VBA. Da wannan harshe muka rubuta namu.

Kalmar Date ɗin da aka haskaka ɗaya ce daga umarni mafi sauƙi a harshen. Aikinta kawai ta tambayi kwamfuta yau nawa ga wata. Tunda ita aka nuna mana, ita muka kama. Muka duba agogon kwamfutar, daidai yake. Muka sauya tsarin rubuta kwanan wata, babu abin da ya canza. Muka goge kalmar gaba ɗaya, sai hasken ya koma kan wata kalmar, Trim, wadda aikinta share gurbin banza a gefen rubutu. Muka goge ta, ya koma kan Left. Ɗayanmu ya ce ƙwayar cuta ce ta kama kwamfutar, muka ɓata kusan awa guda muna bincike, ba a samu komai ba. Malamai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Man janareta yana ta ƙonewa, Malam yana zaune a benci yana duba takardunsa, bai ce mana uffan ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Sai 'yar'uwarmu ta tuna wani abu da aka taɓa ambata a aji, muka wuce shi da sauri saboda an ce ba zai fito a jarrabawa ba. A shafin rubuta umarni, ƙarƙashin Tools, akwai wani jeri mai suna References. Muka buɗe. Layuka biyar ne aka yi wa alama, kuma a farkon na biyar an rubuta da manyan baƙaƙe: MISSING. Abin da ya ɓata shi ne ma'ajiyar umarnin Microsoft Excel mai lamba 16.0.

Sai a lokacin muka fahimci abin da muka gina. Babu manhajar da ke zuwa da duk kayan aikinta a hannu. Kamar amarya ce a sabon gida: tana da tukunyarta da murhunta, amma turmi na maƙwabta ne, rariya ma sai ta aika an karɓo. Manhaja takan ari abubuwa daga wasu fayiloli da ke zaune a kwamfutar, kuma jerin nan da muka buɗe shi ne takardar da ta rubuta sunayen gidajen da take aro. Mu mun sa mata wani maɓalli da ke kwashe makin aji gaba ɗaya ya zuba a Excel, domin Hajiya shugaba tana son babbar takardar maki irin wadda ake bugawa a shago a cikin gari ta sa hannu. Don wannan maɓalli ɗaya muka ƙulla aro da Excel ɗin kwamfutarmu.

Kowane zubi na Office yana da lambarsa ta ciki. Na 2007 shi ne 12, na 2010 shi ne 14, na 2013 shi ne 15, daga na 2016 zuwa waɗanda suka biyo baya kuma 16 ne. Babu 13, an tsallake ta. Kwamfutarmu tana ɗauke da 16, ta Malam kuwa Office 2010 ne a kanta, wato 14. Da a ce a tsohuwar muka yi aikin muka kai shi sabuwa, da Access ta gyara lambar da kanta. Amma daga sabuwa zuwa tsohuwa ba ta yin haka. Ta je neman gida mai lamba 16 a unguwar da gidaje suka tsaya a 14.

To me ya haɗa Date da wannan? Babu laifinta ko kaɗan. Idan harshen VBA ya ci karo da kalma kamar Date ko Left ba a gaya masa daga inda ta fito ba, jerin nan na gidajen aro yake bi don ya gane ta. Idan akwai layin da ya karye a jerin, sai binciken ya rikice, ya tsaya ya nuna kalmar da yake hannunsa a lokacin. Mun kwashe sa'o'i muna tuhumar ɗan aike, alhali gidan da aka aike shi ne babu.

Muka cire alamar da ke kan layin da ya ɓata, muka sa ta a kan mai lamba 14, komai ya tashi. Malam ya shigar da makin ɗalibi na farko, jimilla ta fito daidai. Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Muka fita muna dariya kamar ba mu ne muka jiƙe da gumi ɗazu ba.

A daren muka zauna muka ce ba za a sake yi mana haka ba. Abu biyu muka yi, ɗaya mai kyau, ɗaya kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Mai kyan shi ne mun warware aron din-din-din da muka ƙulla da Excel. Akwai wata hanya da manhaja ba ta rubuta lambar kowa a jerinta, sai lokacin da buƙata ta taso take kiran Excel da sunansa kawai, ta hanyar umarnin CreateObject, kowane zubi ne a kwamfutar ya amsa. Da wannan, ko 14 ne ko 16, maɓallin zai yi aiki, kuma rashin Excel ba zai ƙara taɓa Date ko Left ba.

Na biyun kuwa kunya ce ta sa mu. Abin da ya fi yi mana zafi ranar Litinin shi ne akwatin nan da ya faɗo a gaban malamai. Ɗayanmu ya ce akwai wani layi da idan aka sa shi a saman umarni, duk kuskuren da ya auku yayin aiki manhajar za ta yi shiru ta wuce zuwa layi na gaba. Sunansa On Error Resume Next. Babu wanda ya yi musu a cikinmu. Muka bi wurare da dama muka liƙa shi, har da maɓallin Excel. Muka kwanta muna ganin mun yi dabara.

Ranar Talata muka koma muka ƙara kwamfuta ta biyu, ta ɗakin malamai, don mutum biyu su riƙa shigar da maki a lokaci guda. Muka raba aikin gida biyu kamar yadda ake yi. Fayil ɗin da ke riƙe makin kansa ya zauna a kwamfutar Malam, kowace kwamfuta kuma tana da nata kwafin fom da maɓallai, waya ta haɗa su. Ta ɗakin malamai ba ta da Office ko kaɗan, sai muka sa mata Access Runtime, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta don a iya amfani da manhajar da aka gina da Access ba tare da an iya sauya ginin ba. Muka gwada shigar da maki, ya yi. Muka gwada duba matsayi, ya yi. Maɓallin Excel ne kaɗai ba mu taɓa ba, kuma ko a ranmu bai zo ba cewa kwamfutar da ba ta da Office ba ta da Excel.

Ranar Alhamis da la'asar, gobe a raba kati, wata malama tana kan kwamfutar ofis tana ƙarasa makin ajinta. Don kada ya tashe ta, Malam ya tafi ɗakin malamai ya sa filashinsa ya danna maɓallin. Manhajar ta kira Excel, babu amsa, ta yi shiru ta wuce. Ta zo zuba maki, babu inda za ta zuba, ta wuce. Ta zo ajiye fayil, babu fayil, ta wuce. Layi na ƙarshe shi kaɗai ne ba ya buƙatar kowa, don haka ya yi aikinsa tsaf. Saƙo ya fito da Hausar da muka rubuta da hannunmu: An kammala.

Malam ya zare filashi, ya hau babur ɗinsa ya shiga gari. Ya bi layi a shagon buga takardu, da aka zo kansa yaron shagon ya buɗe filashin ya ce babu komai a ciki. Lokacin da ya kira mu an kusa magariba, shagon na shirin rufewa. A daren sai da aka sake sayen man janareta, aka fitar da takardun daga kwamfutar ofis bayan isha'i. Da sassafe ya koma gari. Taron raba kati da aka sa ƙarfe tara bai fara ba sai wajen sha ɗaya, iyaye na zaune a rana, ga Juma'a na matsowa. Hajiya shugaba ce ta tsaya tana ba su haƙuri a kan laifin da ba ta san yadda aka yi shi ba.

Bayan an watse muka je muka durƙusa a ofishinsa. Mun shirya jin faɗa. Abin da ya ce bai fi jimla uku ba.

"Yarana, ranar Litinin da ta ƙi aiki ban ji haushi ba, don na san ba ta yi ba. Jiya kuwa ce mini ta yi ta gama, na yarda da ita na ɗauki hanya. Idan ba ta iya ba, ta gaya mini tun ina zaune."

Mun yi ta juya wannan magana a hanyar gida. Ranar Litinin manhajar ta kunyata mu, amma ba ta cuci kowa ba. Ranar Alhamis ta rufa mana asiri na 'yan sa'o'i, Malam da iyayen yara suka biya kuɗin. Kuma mun yi sa'a da abin ya tsaya a kan fayil ɗin da bai fito ba. Da a wurin haɗa jimilla layin shirun nan ya haɗiye wani kuskure, da wani yaro ya tafi gida da matsayin da ba nasa ba, babu wanda zai sani. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun san karin maganar tun muna firamare, amma ba mu taɓa zaton ta shafi kwamfuta ba.

A hutun muka cire layin shirun daga ko'ina, in ban da wuri ɗaya ko biyu da muke duba sakamakon a layin da ke biye. Sannan muka rubuta wani ɗan sashe da muka sa wa suna mai gadi. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa, duk lokacin da aka buɗe manhajar ya ƙirga kayan aiki kafin a bar kowa ya taɓa maki. Direban motar haya mai hankali haka yake yi a tasha, yana duba ruwa da baƙin mai da taya tun fasinja ba su shiga ba, domin abin da aka gano a tasha gyara ne, wanda aka gano a tsakiyar daji kuwa kwana ne.

Rubuta mai gadin ya koya mana abubuwan da ba mu zata ba. Na farko, dole ya riga kowa tashi. Access tana da wani umarnin farawa mai suna AutoExec da ke gudana da kansa idan an buɗe fayil. Amma mun gano cewa idan an zaɓi wani fom a matsayin shafin farko, shi ke riga AutoExec buɗewa, wato baƙo ya shige kafin mai gadi ya iso. Sai muka cire wannan zaɓi, muka bar AutoExec ya kira mai gadi, shi kuma sai ya gamsu sannan ya buɗe shafin farko.

Na biyu, mai gadi ba zai dogara da abin da aka sa shi nema ba. Idan jerin aro ya karye, kalmomi irin su Left na iya ƙin aiki a cikin umarninsa shi ma, ya faɗi tun bai buɗe baki ba. Don haka muka ware shi a sashensa shi kaɗai, ba mu haɗa shi da wani umarni ba, kuma duk kalmar da ya yi amfani da ita muka rubuta ta da sunan gidansu, misali VBA.Left maimakon Left kawai, don kada a je nemanta a jeri.

Abubuwa huɗu yake dubawa. Yana bin jerin aro layi-layi, yana tambayar kowanne ko ya karye, ta hanyar wata alama mai suna IsBroken da ke amsa e ko a'a. Yana duba ko fayil ɗin maki yana inda aka ce yake, kuma yana buɗuwa. Yana ƙwanƙwasa wa Excel, idan ya amsa ya sallame shi. Sannan yana duba ko an saka firinta a kwamfutar, domin rahoton Access kan ƙi buɗewa idan babu ko ɗaya.

A nan muka yi gardama mai tsawo. Ɗayanmu ya ce duk abin da aka rasa cikin huɗun a rufe manhajar kawai. 'Yar'uwarmu ta ce wannan zalunci ne, don malamar da ta zo shigar da maki ba ruwanta da Excel. Ita ta yi nasara. Muka kasa kayan gida biyu. Idan jerin aro ya karye ko fayil ɗin maki ya ɓata, manhajar ba za ta buɗe ba sam, domin duk abin da aka yi a wannan hali ba abin yarda ba ne. Idan kuwa Excel ne babu ko firinta, za ta buɗe, amma maɓallin da ke buƙatarsu zai dushe ya ƙi dannuwa, a gefensa kuma a rubuta dalili. Miya ba ta yiwuwa babu ruwa, amma ana iya sha babu nama, muddin an gaya wa mai gida kafin ya zauna.

Saƙonnin ma sai da muka sake su. Saƙon da ya faɗo mana ranar Litinin gaskiya ya faɗa, amma da harshen da ko mu masu karatun abin sai da muka sha wuya kafin mu gane. Muka yanke cewa kowane saƙo zai faɗi abin da aka rasa, da abin da mai karantawa zai iya yi da hannunsa, da Hausar da Malam zai karanta sau ɗaya. Na fayil ɗin maki ga yadda muka rubuta shi: Ba a samu fayil ɗin maki ba, don haka ba za a buɗe ba. A duba ko kwamfutar ofishin jarrabawa a kunne take, a kuma duba wayar da ta haɗa kwamfutocin biyu. Makin da aka shigar a baya yana nan, babu abin da ya same shi. Wannan jimla ta ƙarshe Malam ne ya ce mu ƙara, domin a cewarsa abin da ke fara faɗo wa mutum a rai ke nan. Shi kuma saƙon An kammala, yanzu ba ya fitowa sai manhajar ta koma ta duba ta ga fayil ɗin yana cikin filashin.

Daga nan muka shiga ɓarna da gangan. Muka sauya wa fayil ɗin maki suna muka buɗe, mai gadi ya tsayar da mu. Muka zare waya, ya tsayar da mu. Muka cire firinta, maɓallin bugawa ya dushe. Muka ari wata tsohuwar kwamfutar hannu ta yayan ɗayanmu, mai Office 2010, wadda sai an jingina ta da bango take tsayawa, muka gwada komai a kanta. Ita ta tona mana kurakurai biyu da sabuwar kwamfutarmu ta ɓoye.

A tsakiyar zango na gaba, muna makaranta, Malam ya kira. Gabanmu ya faɗi da muka ga lambarsa. Ya ce da safe wata malama ta buɗe manhajar a ɗakin malamai ta ƙi buɗewa, ta rubuto saƙo. Ya karanta, ya duba kwamfutarsa a kunne take, ya leƙa bayan tebur ya ga ashe wajen shara an fizge wayar. Ya mayar da ita, aka ci gaba da aiki. Duka bai kai minti biyar ba.

"To Malam, yanzu akwai wata matsala ne?"

"Babu. Na kira ne in gaya muku 'yar taku ta koyi magana."

Ƙannenmu, da yawanku za ku gamu da irin wannan tun kafin ku fara rubuta manhaja. Wata rana za ka sa wasa ko wata manhaja a kwamfuta ta ƙi tashi, ta ce ba a samu wani fayil mai ƙarewa da dll ba, misali VCRUNTIME140.dll. Kayan aro ne shi ma. Wannan ɗin yana cikin wani ƙunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, kuma daga wurin kamfanin ya kamata a sauke ƙunshin gaba ɗaya. Kada ka bi shafukan da ba ka sani ba masu ba da fayil ɗin shi kaɗai, domin ta irin wannan hanya ake shigo da ƙwayar cuta. Kafin komai kuma, karanta saƙon har ƙarshe, ka rubuta shi a takarda yadda yake. Mun ga mutane da yawa, har da mu, suna rufe akwatin da sauri kamar zai cije su, alhali amsar na cikinsa.

Waɗanda ke da Access a ɗakin kwamfutar makarantarsu, ku nemi izinin malaminku, ku buɗe kowane fayil, ku danna Alt da F11 tare, ku shiga Tools sannan References. Kada ku cire alamar komai, ku dai karanta layukan da aka yi wa alama a sama. Waɗannan su ne gidajen da ɗan fayil ɗinku ke aro, ko da ba ku taɓa sani ba. Idan kuma an ba ku aikin gina ɗan rumbun bayanai, kada ku miƙa shi sai kun kai shi kwamfutar da ba a kanta kuka yi shi ba, kun danna kowane maɓalli, har wanda kuke ganin ba sai an gwada ba.

Yanzu muna kan wani aikin, na lissafin kaya a shagon kawun ɗayanmu. Ba mu zana fom ko ɗaya ba tukuna, amma mai gadi ya riga ya kama aiki. Tsohuwar kwamfutar nan kuma mun hana yayan namu sayar da ita. Tana nan jingine da bango a ɗakinmu na makaranta, duk abin da muka rubuta sai ya bi ta kanta kafin ya fita.